Daga Zaure Zuwa Allon Bango: Tarihin Sirrin Gida da Na'urorin Kallo a Gyadi-Gyadi da Tarauni

Gabatarwa

Tun daga lokacin da aka buɗe gidan silima na Rex a Kano a shekarar 1937, malamai da iyaye ba su gushe ba suna tattauna hukuncin kallo. Tambayar da ta mamaye wannan tattaunawa ta shekaru fiye da tamanin ita ce: mene ne allo yake shigowa da shi cikin gida? A yau an samu talabijin mai haɗuwa da intanet, wadda take iya tattara bayanin abin da ake kallo ta aika wa kamfanin da ya ƙera ta. Wannan ya haifar da tambaya ta biyu, wadda ba a saba yi ba: mene ne allo yake fita da shi daga gida? Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka zo wannan gaɓa, ta ɗauki Gyadi-Gyadi da Tarauni a matsayin fagen nazari, sannan ta auna al'amarin da ma'aunin fiƙihun neman izini da hana leƙen asiri.

Sirrin Gida a Shari'a da Ginin Bahaushe

Alƙur'ani mai girma ya kafa hurumin gida a wurare da dama. Aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, kuma sun umarci wanda aka ce ya koma da ya koma. Aya ta 58 ta surar ta ware lokuta uku waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar Asuba, da lokacin ƙailula, da bayan sallar Isha'i. Aya ta 12 a Suratul Hujurat kuwa ta haramta tajassusi, wato bibiyar abin da mutane suka ɓoye. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad (R.A.) labarin mutumin da ya leƙa ɗakin Manzon Allah (S.A.W.) ta wata kafa, inda Manzo ya bayyana cewa saboda ido ne aka shar'anta neman izini. Ke nan abin da shari'a take karewa ya wuce shigar ƙafa. Ya haɗa da shigar gani da shigar ji.

Malaman Malikiyya sun mayar da wannan asali hukuncin gini. A cikin Risala, wadda ɗaliban zaure a Kano suke karantawa har yau, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani (ya rasu 386H) ya lissafa buɗe taga da za ta tona maƙwabci a cikin cutarwar da ake hanawa. A ƙarni na 8 na Hijira, Ibn ar-Rami, wani magini masani a Tunis, ya tattara hukunce-hukuncen alƙalai kan tagogi da ƙofofi da saman soraye masu kallon gidajen jama'a. Hatta hukuma ba a sakar mata linzami ba. Al-Mawardi (ya rasu 450H) ya bayyana cewa mai hisba ba ya da hurumin tono laifin da aka ɓoye, sai fa idan amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da ba za ta gyaru ba in ta auku, kamar kisan kai.

Ginin Bahaushe a birnin Kano fassara ce ta waɗannan hukunce-hukunce da tubali da azara. Baƙo yakan tsaya a zaure. Wanda ya fi kusanci zai iya wucewa ƙofar gida zuwa shigifa. Cikin gida kuwa na mata ne da muharramansu, kuma akan karkata ƙofofin ta yadda mai tsayuwa a zaure ba zai hango tsakar gida ba. Baligi da ke da saƙo yakan aiki yaro. Tarihin Kano ya ambaci kulle a cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya fara, wanda a zamaninsa ne Shehu al-Maghili ya zauna a birnin. Duk wannan tsari ya ginu kan fahimta ɗaya: mai leƙe mutum ne mai jiki, yana tsaye a wani wuri, kuma katanga tana iya tare shi.

Unguwannin Bayan Ganuwa

Gyadi-Gyadi da Tarauni suna kudu da gabashin ganuwar birni, a yankin da Titin Zariya da Titin Maiduguri da Titin Gidan Zu suka ratsa. Bunƙasarsu ta zamani ta biyo bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, musamman a mulkin Audu Bako (1967–1975), lokacin da aka gina gidan namun daji, gari kuma ya riƙa faɗaɗa ta wannan ɓangare. Rukunin gidajen Kundila da filayen awon gwamnati suka jawo ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman makaranta. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ya ƙara wa yankin jama'a da hada-hada.

A waɗannan unguwanni tsarin gida ya sauya. Falo ya karɓi aikin zaure a gidaje da yawa, gilashi da labule suka maye gurbin ƙananan tagogin soro, doguwar katangar bulo da ƙofar ƙarfe suka ɗauki nauyin tsare hurumi. Ba a yar da manufar sutura ba, an dai sauya mata kayan aiki. Sai dai falo ya bambanta da zaure ta fuska guda mai muhimmanci: wuri ne da iyali suke zama a ciki, kuma a nan ne aka ajiye akwatin talabijin.

Zamanin Tsoron Abin da Ke Shigowa

Na'urorin farko sun tsaya a waje. Majigin gwamnatin mulkin mallaka a fili ake haska shi, rediyon waya da aka fara a Kano a 1944 ma ya yi fice ne da lasifikokin da aka kafa a wuraren taruwar jama'a. Silima ta samu mummunar shaida tun farko, kuma gobarar gidan silima na El Duniya a 1951, wadda ta halaka fiye da mutum 300, ta ƙarfafa ƙyamar da mutanen birni suke yi mata. Ko gidan silima na Marhaba da aka gina daga baya a Farm Center, cikin Tarauni, wuri ne da mutum yake fita ya je. Mai gida yana iya hana iyalinsa zuwa, magana ta ƙare.

Talabijin ce ta tsallake katanga. An buɗe tashar farko a Nijeriya a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, aka haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin NTA a 1977. Gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi (1979–1983) ta kafa CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV, a Hotoro kan Titin Maiduguri, maƙwabtan Tarauni. Bayan haka rakodar bidiyo ta shigo da finafinan Indiya har ɗakunan matan aure. Fim ɗin Turmin Danya na 1990 ya buɗe ƙofar finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda ofisoshin masu shirya su suka taru a Titin Gidan Zu, gab da Gyadi-Gyadi. Dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar mallakar tashoshi, tare da yaɗuwar faifan tauraron ɗan'adam, sun ninka abin da ke kwararowa.

Martanin al'umma ya dace da irin barazanar da ta gani. Bayan ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Wa'azi da huɗubobi suka mayar da hankali kan rawa da waƙa da shigar banza da cakuɗuwar maza da mata. A duk wannan zamani akwatin talabijin kurma ne kuma makaho. Tasha tana watsa shiri ba tare da ta san wanda ya kunna ba. Ko a Amurka, inda kamfanin Nielsen yake ƙidayar masu kallo, gidaje ƙalilan ne ake sa wa na'urar awo, kuma da yardarsu.

Alamar farko ta juyawar al'amari ta bayyana a 2007, shekaru shida bayan shigowar wayar salula, lokacin da wani bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya bazu a Kano daga hannu zuwa hannu. Abin da ya biyo baya shi ne tsananta dokokin tace finafinai. Darasin da ya fi zurfi, cewa na'ura tana iya fitar da abin da ɗaki ya rufe, bai samu irin wannan kulawa ba.

Yadda Allo Ya Koma Mai Kallo

Talabijin mai intanet kwamfuta ce mai faffaɗan allo. Da yawa daga cikin irinta suna ɗauke da wata fasaha da ake taƙaita sunanta da ACR, wadda aikinta shi ne gane abin da ke kan allo. Na'urar takan ɗebi ɗan samfurin hoto ko sauti a kai a kai, ta mayar da shi wata alama ta lissafi, ta aika wa rumbun kamfani, a can a gwada shi da tarin shirye-shirye da tallace-tallacen da aka adana. Da haka ake sanin abin da aka kalla, da lokacin, da tsawon zaman. Idan aka haɗa wannan da lambar intanet ta gidan, ana iya danganta talabijin da wayoyin da suke amfani da layi ɗaya da ita.

Tarihin tonuwar wannan al'amari sananne ne. A Nuwamba 2013 wani masanin kwamfuta a Ingila ya gano cewa talabijin ɗinsa ƙirar LG tana aika sunayen tashoshin da yake kallo, da sunayen fayilolin da ke cikin filashin da ya soka mata, ko da ya kashe zaɓin tattara bayanai. Kamfanin ya yi alkawarin gyara. A Fabrairu 2015 aka yi ca a kan Samsung saboda wata jimla a takardar sharuɗɗansa, wadda ta gargaɗi masu amfani da umarnin murya cewa maganar sirri da suka furta tana iya shiga cikin abin da ake miƙa wa wani kamfani na daban. A Fabrairu 2017 kamfanin Vizio ya amince ya biya Dala miliyan 2.2 ga Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka da Jihar New Jersey, bisa tuhumar tattara bayanan kallo daƙiƙa bayan daƙiƙa daga talabijin miliyan 11 ba tare da sanin masu su ba, da haɗa su da bayanan jinsi da shekaru da kuɗin shiga da matsayin aure, sannan a sayar. Wata guda bayan haka, takardun da WikiLeaks ta fitar suka nuna cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta samar da wata manhaja da ke sa wani samfurin Samsung ya yi kamar a kashe yake alhali yana naɗar sauti, ko da yake sai an kai hannu ga talabijin ɗin kafin a dasa ta.

Abubuwa biyu na baya-bayan nan sun fi kusa da halin da ake ciki a Kano. A 2024 masu bincike daga jami'o'i a Landan da Kalifoniya da Madrid sun nuna cewa fasahar gane allo tana aiki a talabijin na Samsung da LG ko da hoton daga kwamfuta ko wata na'ura yake shigowa ta waya. A Yuni 2025 kuma hukumar FBI ta yi gargaɗi kan akwatunan kallo masu araha waɗanda ake sayarwa da muguwar manhaja a cikinsu, ko take shiga lokacin saita su, ta yadda 'yan damfara suke amfani da layin intanet na gidan. Dalilin wannan duka kuɗi ne. Ribar sayar da allo ta ragu, ribar talla da bayanai ta ƙaru, shi ya sa Walmart ya sayi Vizio kan kimanin Dala biliyan 2.3 a 2024. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Halin da Ake Ciki a Tarauni

Na'urar da ba a haɗa da intanet ba, ba ta da hanyar aika komai. Tsadar data da ƙarancin wutar lantarki sun zama wata katanga da ba a yi niyyar ginawa ba. Amma katangar tana zaizayewa. Masu shirya finafinan Hausa sun koma ga shirye-shirye masu dogon zango da ake sakawa a YouTube, tafsirin azumi da karatuttukan malamai ma suna can. Babban allon bango ya shiga jerin kayan da ake ƙawata ɗakin amarya da su. Kasuwar waya ta Farm Center, wadda take cikin Tarauni, tana wadata gari da wayoyin da ake jona talabijin da su. Sau da yawa mai shago ko yaron da ya zo kafa allon ne yake danna amincewa da dukkan sharuɗɗa, waɗanda aka rubuta da Turancin lauyoyi, kafin mai gida ya karɓi rimot.

Wani zai ce jerin abin da aka kalla ba al'aura ba ne, tunda fasahar allo take karantawa, ba fuskokin mutanen ɗaki ba. Wannan gaskiya ne ta fuskar na'ura, amma bai warware matsalar ba. A gari irin Kano, sanin malamin da gida yake sauraron tafsirinsa ya isa a gane ko gidan na Tijjaniyya ne, ko Ƙadiriyya, ko Izala, ko Shi'a. Tashar da ake yawan kunnawa tana nuna ra'ayin siyasa. Bidiyon da aka nema da tsakar dare kan wata cuta ko rashin haihuwa yana faɗin abin da mace ba ta gaya wa mahaifiyarta ba. Lokutan kunnawa da kashewa suna nuna sa'ar da gida yake barci da ranar da babu kowa. Kuma lokacin da aka fi kallo, wato bayan Isha'i, yana cikin lokuta ukun da Suratun Nur ta keɓe.

Ma'aunin Fiƙihu da na Doka

Mas'aloli uku ne suke fitowa a nan. Ta farko ita ce haƙiƙanin tajassusi. Illar hani ita ce tona abin da mai shi yake son rufewa, kuma hukunci yana bin illarsa. Buhari ya ruwaito narko mai tsanani kan wanda ya saurari zancen mutane alhali ba sa so. Kasancewar mai sauraron na'ura ce, ko kasancewar manufarsa talla ce, ba ya kawar da illar matuƙar bayanin yana ƙarewa a hannun mutanen da za su iya karanta shi, su sayar, ko a sace daga wurinsu.

Ta biyu ita ce ingancin izini. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta gina halaccin ciniki kan yardar juna, yarda kuwa ba ta tabbata sai da sani. Sharaɗin da aka binne cikin dogon rubutu da harshen da mai saye ba ya ji, ko aka sa masa sunan da ke ɓoye aikinsa, ya fi kama da tadlisi, wato rufe aibin haja. A shari'ar Vizio, zaɓin da ke tattara bayanan an gabatar da shi ne a matsayin hanyar ba da shawarar shirye-shirye. Wannan ya taɓa ɗan kasuwar Kano kai tsaye: wanda ya san halin hajarsa, bayani ya hau kansa, kuma bai kamata ya amince da sharaɗi a madadin wanda bai wakilta shi ba.

Ta uku ita ce haƙƙin sauran mutanen gida. Ko da mai gida ya yarda da saninsa, allon na matansa ne da 'ya'yansa da baƙinsa. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya nuna cewa zaman majalisa amana ne, kuma kowane mai kiwo abin tambaya ne kan kiwonsa. Kare mutunci, wanda malaman usulu irin su al-Ƙarafi (ya rasu 684H) suka ambata tare da manyan abubuwan da shari'a take tsarewa, ba haƙƙi ne da mutum ɗaya zai sarayar wa kowa ba.

Dokar ƙasa ta zo kusa da wannan matsaya. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya lamunce sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da saƙonninsu. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yuni 2023, ta shardanta cewa yarda ta kasance bisa sani da zaɓi, ta ce shiru ba yarda ba ne, ta ba mutum ikon janye yardarsa, ta sanya aƙidar addini da lafiya da ra'ayin siyasa cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, kuma ta hau kan kamfanonin waje da ke sarrafa bayanan mutanen da ke Nijeriya. A Yuli 2025 Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya ta sanar da cin tarar MultiChoice, mai DStv da GOtv, fiye da Naira miliyan 766, bisa abin da ta kira keta sirrin masu biyan kuɗi da fitar da bayanai ƙetare ba bisa ƙa'ida ba.

Kammalawa

Tarihin kallo a Gyadi-Gyadi da Tarauni ya bi matakai uku: allon da ake fita a je wurinsa, allon da ya shigo gida yana magana ba ya ji, da allon da yake kai rahoto. Cibiyoyin da al'umma ta gina, daga wa'azi zuwa hukumar tacewa, an tsara su ne domin mataki na biyu. Na uku yana buƙatar a koma ga babin neman izini da babin cutar da maƙwabci, a faɗaɗa su zuwa tagar da ba a gani.

A aikace, mai gida yana da ikon ƙin amincewa da tattara bayanan kallo da talla lokacin saita na'ura, ko ya kashe su daga baya a sashen saituna, ya rufe umarnin murya, ya cire intanet idan ba a buƙata, ya guji akwatunan da ba a san maƙerinsu ba, kuma ya yi tunani kafin ya rataya irin wannan allo a ɗakin barci. A ilmance, sassan nazarin addinin Musulunci da majalisun fatawa suna da aikin zama da masana kwamfuta da lauyoyi domin fitar da hukuncin yardar da ake bayarwa da danna maɓalli, da nauyin da ke kan mai sayarwa, da kuma neman a fassara sharuɗɗan na'urori zuwa Hausa. Magabatan da suka karkata ƙofar shigifa sun san cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Allah Shi ne Mafi sani.